Masu fasa batir a Suame Magazin, unguwar bakanikai ta Kumasi: ta yaya ake gane dalma ta taru a jiki?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. Akwai yaranmu da ke fasa tsohon batirin mota suna narka dalma daga safe har magariba, wasu sun shekara 5 a kai. Masta ya ce in dai ana shan madara ba komai, tunda ba wanda ya taɓa faɗuwa a bakin aiki. Akwai awon da ke nuna ta? Kuma nawa ne ya yi yawa?

Mai Awon Jini: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dalma ba ta kayar da mutum rana ɗaya, taruwa take kamar kuɗin susu (adashi). Wadda ke jini rabinta na fita cikin kamar wata ɗaya, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na wadda ke jikin babba a ƙashi da haƙori take kwance, tana tsattsafowa cikin jini shekara da shekaru.

Awon dalma a jini za ku nema, kuma jinin jijiya, ba na ɗan yatsa ba, don ƙurar da ke fata tana kumbura sakamako. A wanke hannu da sabulu tukuna, a zuba jinin a kwalbar da aka tanada don awon ƙarfe, mai EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa. Sakamakon na zuwa da maikirogiram a kowace desilita. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2021, ta ce daga 5 a tashi neman inda gubar ke shiga. Dokar Amurka tana cire ma'aikaci daga aikin a 50 ko 60, gwargwadon sana'a, amma wannan ya yi sama: hawan jini da taɓuwar ƙoda suna farawa tun ƙasa da haka.

Inda ake ruɗuwa: awon yana nuna makonnin da suka wuce ne. Yaron da ya yi wata 2 a gida zai fito ƙasa, alhali ƙashinsa cike yake. A auna ana tsakiyar aiki, a maimaita duk wata 6, duk wata 2 in ya kai 40.

Tsohon Bakanike: Batun madara labari ne, a gaya wa Masta cikin ladabi. Dalma na narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius, hayaƙinta kuwa yana tashi sosai in wuta ta haura 500, shi ya sa hura mata wutar walda ya fi tukunya haɗari. Takunkumin takarda ko ƙyalle ba ya tare shi, sai mai matatar P3 ko P100 da ya kama fuska, ga mai gemu ma iska na bi ta gefe. Kada a share shago da tsintsiya a bushe, a yayyafa ruwa a goge. Koko da ƙosai, goro, taba, duk a waje, bayan wanke hannu har ƙarƙashin farce. Cikin da ba komai ya fi tsotse dalma, saboda haka a karya kafin a kunna wuta.

Hajiya Nas: Malamai, kun mance gida. Tufafin aiki su kwana a shago, a yi wanka kafin a ɗauki yaro, don ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsewa, balle in yana da ƙarancin jini. Illar a ƙwaƙwalwa take, kuma ba ta gyaruwa. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu saboda dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a tsakar gida. Mai ciki da mai shayarwa kuma, ta ƙashinsu tana fitowa ta isa ga jariri. A kula da kwallin dutse mai ƙyalli da ake sa wa jarirai, da yawansa dalma ne.

Ciwon ciki da taurin bayan gida, kasala, ko hannu ya riƙa lanƙwashewa daga wuyansa, a tafi asibiti a faɗi sana'ar tun a bakin ƙofa, in ba haka ba maganin olsa za a bayar. Maganin fitar da dalma, irin su DMSA, likita ne ke ba da shi, ga ƙaramin yaro yawanci in awon jini ya kai 45, kuma ba ya amfani in an koma cikin ƙurar.