Ta ina ake shiga harkar kwangilar gwamnati?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kammala digiri a fannin tsara manufofin gwamnati, ina son aiki a kamfanin da ke neman kwangilar gwamnati. Inda na maƙale shi ne, duk gurbin da na gani sai an nemi wanda ya taɓa haɗa takardun neman kwangila, ko ya san dokokin sayen kayan gwamnati a aikace. Mu kuwa a makaranta nazari kawai muka sha, ko yadda ake tantance tayin kamfanoni ba mu gani ba.

In fara da sashen sayayya na wata ma'aikata ne, ko in lallaɓa ƙaramin kamfani, ko da albashin bai taka kara ya karya ba? Don Allah waɗanda suka bi hanyar nan, ku haska mini.