Digiri na uku a kan alaƙar jami'a da masana'antu da gwamnati: zai kai mutum wani wuri?

Auwalu_Kakuri ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina koyarwa a sashen tattalin arziki na wata jami'a a nan Arewa, kuma lokacin yin rajistar digiri na uku ya zo. Shawara nake nema.

A Kakuri na tashi. Mahaifina ya yi shekara 19 yana aiki a masaƙa har ranar da aka sa mata kwaɗo. Yanzu kullum hanyata ta zuwa ofis takan bi ta bayan tsangayar injiniyoyi, inda aka jibge injinan da ɗalibai suka ƙera don kammala karatu: na sussukar masara, na busar da tumatir, na matsar man gyaɗa. Wasu sun yi aiki ranar da aka gwada su, an ba da maki, an ɗauki hoto, yanzu tsatsa ke cinsu. Duk lokacin da na wuce sai in tuna Baba. A nan ga ilimi ba mai saye, a can ga masana'anta ta mutu ba wanda ya kawo mata dabara. Abin da nake son in bincika ke nan: me ya hana su haɗuwa, kuma ina gwamnati take a tsakani?

Da na kai wa wani babban malaminmu maganar, cewa ya yi wannan ba tattalin arziki ba ne, in ɗauki hauhawar farashi ko canjin kuɗi in gama cikin shekara uku. Ban raina shawararsa ba. Amma ko akwai wanda ya bi wannan layin? Ana samun mai duba aiki? Ana samun ƙarin girma da shi?

Dakta_Binta ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Ni na bi layin, ban kuma yi nadama ba, amma bari in faɗa maka yadda yake.

Fannin yana da asali da manya. Sunan da za ka fi ci karo da shi shi ne Triple Helix, wato igiya mai tufka uku (jami'a, masana'antu da gwamnati), wanda Henry Etzkowitz da Loet Leydesdorff suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1990. Taronsu na farko a Amsterdam aka yi shi a 1996. Kafin su ma, tun 1968 Jorge Sabato na Ajantina ya zana abin a matsayin kusurwa uku, kuma ni tunaninsa ya fi zauna mini, don ƙasa mai tasowa yake kallo. A Ingila akwai cibiyar nazarin manufofin kimiyya ta SPRU a jami'ar Sussex, wadda Chris Freeman ya kafa a 1966, a Maastricht ta ƙasar Holland kuma akwai makamanciyarta, UNU-MERIT. Daga gida ka nemi aikin Farfesa Banji Oyelaran-Oyeyinka a kan kasuwar kwamfuta ta Otigba a Ikeja. Cibiyar kula da harkokin fasaha ta ƙasa, NACETEM, da ke Ile-Ife ma wannan ne aikinta.

Ga inda nake son ka yi hattara. Etzkowitz daga jami'o'in MIT da Stanford na Amurka ya ɗebo misalansa, inda kamfani ke da ɗakin bincikensa na kansa, gwamnati ke zuba kuɗi, sannan dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'in Amurka damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati. In ka ɗauko wannan ma'auni ka auna mu da shi, sakamakon ɗaya ne kullum: alaƙar ba ta da ƙarfi, ya kamata gwamnati ta ƙara kuɗi. Na duba kundaye da yawa da suka ƙare a haka, kuma ba su ƙare ni da komai ba. Kowa ya san wannan tun kafin a raba takardar tambayoyi.

Tsari kam muna da shi. NOTAP, hukumar kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta, tana nan tun 1979, ta kuma buɗe ofisoshin kula da haƙƙin mallakar ƙirƙira a jami'o'i da dama. TETFund tana ba da kuɗin bincike. Abin bincike shi ne me ke faruwa da ƙirƙira ɗaya tak daga ranar da ta bar ɗakin gwaji: wa ya ɗauke ta, a ina ta maƙale, wa ya ƙi sa hannu.

Batun ƙarin girma: da maƙalu ake samunsa, kuma fannin yana da mujallu masu daraja irin su Research Policy, sai dai shiga cikinsu sai an dage. Wahalar ita ce ba ka da gida ɗaya. Masana tattalin arziki za su ce kai ɗan gudanarwa ne, su kuma can su ce ɗan siyasa ne. Ka samu mai duba aiki ɗaya a sashenka don takardu su tafi daidai, na biyu kuma daga waje wanda ya san fannin.

Alhaji_na_Sharaɗa ya amsa:

Ni ba malami ba ne, ƙaramin kamfanin roba nake gudanarwa. Ɗana ne ya nuna mini tambayar.

Malam, malamai suna zuwa wurinmu, amma da takarda suke zuwa, mu cike su tafi. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ga abin da na gano. Sau ɗaya na kai matsala da ƙafata: wani ƙarfe a injinmu yana yawan karyewa, muna sayo shi daga Chana da dala. Aka karɓe ni hannu biyu, aka ce in rubuto wasiƙa, kwamiti zai zauna. Wata biyar shiru, sai yajin aiki ya shigo. Wani maƙeri ne a kasuwa ya yi mini shi cikin kwana tara. Bai kai na waje ƙarko ba, amma injina bai tsaya ba.

Ban ce laifinsu ne su kaɗai ba. Mu ma kuɗin dizal ya cinye abin da za mu ware wa gwaji, kuma muna ɓoye sirrinmu don tsoron haraji. In za ka yi binciken, ka sa maƙeran nan a ciki. Kuma ka zo ka zauna da mu ko da mako biyu ne, ƙofa a buɗe take.

Issoufou_Maraɗi ya amsa:

Ina gaida malamai. Kowa na ba da labarin abin da bai yi ba, ni bari in kawo wanda ya yi: buhun PICS na ajiyar wake.

Dabarar mai sauƙi ce. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne da kyau. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba a zuba magani ko kaɗan. Farfesa Larry Murdock na jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa sun fara gwada ta a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, amma ba ta bazu ba sai daga 2007, lokacin da gidauniyar Gates ta sa kuɗi. Masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a nan Maraɗi, irin su Dakta Ibrahim Baoua, sun yi gwaje-gwaje, wani kamfani a Kano ya riƙa buga buhun, malaman gona kuma suka bi ƙauyuka: a ɗaure wake a gaban jama'a, bayan watanni a kwance a gabansu kowa ya gani da idonsa. Ka tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari, ka ga girman abin da buhun ke magancewa.

Ka lura da abu biyu. Kusan shekara ashirin dabarar tana kwance, ba don ba ta aiki ba. Sannan wanda ya haɗa igiyar ba gwamnati ba ce, mai ba da tallafi ne daga waje, kuma wanda ya riƙe ta bayan haka dillalin kasuwa ne. In buhun bai iso kasuwar ƙauye lokacin kaka ba, manomi fiya-fiya zai saya.

Auwalu_Kakuri ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. Daren jiya ban yi barcin kirki ba ina ta juya maganganunku. Na ajiye shirin raba takarda ga jami'o'i goma. Abu biyu zan bi sawunsu: buhun nan, da irin waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019, daga gonar gwaji zuwa kamfanin iri zuwa hannun manomi. Babin ƙarshe zan bar wa injinan bayan tsangayarmu.

Dakta, shin abubuwa biyu sun isa kundin digiri na uku, ko kwamiti zai ce sun yi kaɗan? Alhaji, in Allah ya yarda da an gama jarrabawar wannan zangon zan shigo Kano, kuma ina son ka haɗa ni da maƙerin nan.