Wai kiɗa zalla yana faɗin wani abu ne, ko sauti ne kawai?

Sadiya_M: Salam jama'a. Mun yi ta musu da yayata a kan wannan. Mai zane in ya zana doki kowa ya gani ya san doki ne, to amma kiɗan da ba waƙa a ciki fa, goge ko fiyano kawai, yana nuna wani abu na duniya ne ko sauti ne aka jera mu muke ɗora masa ma'ana?

Abu_Hafsat: Wa alaikissalam 'yar uwa. Ai kiɗa na magana. Ki duba kalangu, makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, daidai hawa da saukar muryar mai magana, shi ya sa mutum zai ji takensa ya miƙe tsaye ba wanda ya ambaci sunansa. Turawa ma haka, Vivaldi na Italiya a kiɗansa na yanayoyin shekara huɗu da aka wallafa a 1725 ya sa goge yin kukan tsuntsaye da tsawa, har da haushin kare.

Malam_Bello: Abu Hafsat, wanda bai san taken ba kuma ba ya jin yaren me zai ji? Kiɗa mai daɗi, shi ke nan. Kalangu aron harshe ya yi. Shi ma Vivaldin tare da baitoci kiɗan ya fito masu bayanin kowane wuri, kuma haushin karen nan wallahi in ba a faɗa maka ba ba za ka gane ba, sauti biyu ne ake ta nanatawa. Wannan musun ya daɗe fa, tun 1854 wani masanin kiɗa mai suna Hanslick a birnin Biyana na Ostiriya yake cewa abin da ke cikin kiɗa shi ne tafiyar sautin kansa.

Maman_Khalil: Malam ban yarda sauti ne kawai ba gaskiya. Kiɗa ba zai ce miki "doki" ba Sadiya, amma yana kama yadda zuciya ke tafiya, nauyin mai baƙin ciki, gaggawar mai tsoro, sai ki ji tsigar jikinki ta tashi ba ki san dalili ba. Beethoven, makaɗin nan na Jamus, da ya sa kukan tsuntsaye a kiɗansa kan rayuwar karkara a 1808, da kansa ya rubuta cewa abin da ake ji a rai ya fi nufi, ba zane ba.

Sadiya_M: Na gode Anti. To amma me ya sa kiɗa ɗaya ni ya sa ni kuka, ita yayata ta ce natsuwa yake sa ta?