Wai 1.g4 buɗi ne a wasan chess ko ganganci?

Sadiq: Jama'a ni fa na ce 1.g4, wato Fari ya buɗe wasa da tura soja zuwa gidan g4, ba shirme ba ne, raini ne kawai ake masa. A blitz (wasan sauri) na shafin Lichess mutum na ganin g4 sai ya rikice, duk abin da ya haddace na e4 da d4 ya tashi a banza

Malam Habu: Sadiq ka ji tsoron Allah. Ka tura sojan da ke gadin sarkinka tun motsin farko, babu abin da ka riƙe a tsakiya, to ina za ka yi kasil ka ɓoye sarkin?

Sadiq: Malam ai tarkon nan ne. 1.g4 d5 2.Bg2 Bxg4 3.c4, in ya ce c6 na ci d5 ya rama, sai Qb3, sarauniya na kallon b7 da d5 lokaci ɗaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala 😂

Ummi: To in bai ci ba fa yaya Sadiq? Ni 2...c6 nake bugawa na toshe wa bishof ɗinka hanya, yanzu g4 ɗin na rataye dole ka ɓata motsi da h3, ni kuma na sa e5 na kwashe tsakiya, daga nan doki ya bi e7 zuwa g6 yana leƙen f4 da h4, wallahi daga nan kai ne kake kare kanka

Bash: Ummi ta gama magana

Sadiq: Ba ta gama ba. Henri Grob ɗan Suwizalan da aka sa wa buɗin sunansa IM (babban gwani na ƙasa da ƙasa) ne fa, ya buga shi a wasannin wasiƙa masu yawa inda abokin karawa ke da kwanaki yana tunani. Michael Basman na Ingila ma da shi ya doke John Nunn a 1978

Malam Habu: Basman ne ya ci, ba g4 ba. Mutum mai irin ƙarfinsa ko da me ya fara zai wahalar da kai. Shahararren ɗan wasa Magnus Carlsen ma ya doke Radjabov da 1.a4 a blitz a 2012, sai mu ce a4 ta zama sunna?

Bash: Ku sa wa injin Stockfish mana, tun kafin Baƙi ya taɓa komai ya riga ya ba shi rinjaye. Cikin motsi 20 da Fari zai iya farawa da su g4 na can ƙasa

Sadiq: Da inji nake wasa ko da mutum?

Ummi: To zo mu buga, minti 10 ba bullet mai tsananin sauri ba, ka riƙe Fari

Sadiq: Bayan isha'i in an kawo wuta, wayata saura 4%