Neman shawara: wace tsutsar bogi zan ɗaura don kifin da ke ci a ƙasan ruwa?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu fatsa da ƙwaron bogi don Allah ku agaza. Tun da aka buɗe kamun kifin tirawut ranar 25 ga Maris nake zuwa kogin Wharfe a nan Yokshaya ta Ingila, fita huɗu ke nan ko taɓawa ban samu ba. Lasisi na biya, kuɗin kulob na biya, sandar fatsata ƙafa 9 ce mai lamba 5, zaren ƙarshe 4X (lambar kaurin zare ce, tana hawa zaren na ƙara siranta). Na sayi tsutsar mefilai (wani ƙwaro da tsutsarsa ke rayuwa a ruwa) ta bogi guda 12, launin madara, ƙugiya lamba 10, mai ƙafafu shida na roba da idanu da jela uku. Ka ɗora ta a tafin hannu sai ka rantse motsi za ta yi. Kifin kuwa yana nan, ina ganin walƙiyar cikinsa a ƙasa. Launin ne ban dace ba, ko in nemi wadda ta fi wannan kama da ta gaske? Abin ya fara damuna.

Kawun Leeds:
Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi zurfin wurin ba, ba ka kuma faɗi ko tsutsar tana da nauyi ba. Amma matsalar a fili take. Abin da ka saya kwaikwayon Ephemera danica ne, babbar tsutsa mai haƙa rami cikin laka da yashi, tana yin kusan shekara biyu a ɓoye, ba ta tasowa sai ƙarshen Mayu zuwa Yuni. A Afrilu, kan duwatsu, kifi bai san da ita ba. Yanzu Baetis, tsutsar wata ƙaramar mefilai, ce ke yawo, siririya, kore mai duhu, kimanin santimita ɗaya.

Ka tsaya cikin ruwan, ka riƙe ƙaramar raga ta inda ruwa ke gangarawa daga ƙafafunka, ka tuttura tsakuwa da ƙafa na minti ɗaya, ka juye a farin kwano. Girman tsutsotsin da ka samu za ka fara dubawa, sai siffa, launi na ƙarshe. Sannan ka ɗaura siririyar tsutsar bogin nan Pheasant Tail, ƙaramar ƙugiya lamba 16, mai ƙwallon tangistin (wani ƙarfe mai nauyi) milimita 2.5, in ruwan ya wuce gwiwa kuma yana gudu ka koma milimita 3. Zare 5X ko 6X, don 4X ya yi kauri, ruwa yana jansa ya hana ƙaramar tsutsa nutsewa. Alamar da ke iyo a sama, mai nuna kifi ya taɓa, ka sa tazararta da tsutsar ta kai zurfin ruwan sau ɗaya da rabi. Ka jefa tsutsar ta inda ruwa ke tahowa, ka bar ta ta gangaro da kanta. In ka yi jifa goma ba ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya ba, ƙara nauyi.

Baban Hanifa:
Na gode Kawu, amma ai ita ma mefilai ce, kuma babba. Kifi mai yunwa zai ƙi babbar loma? Mai shagon ya ce ita aka fi saye.

Maman Sadik:
Aka fi saye, ba aka fi kamawa da ita ba, ɗan'uwa. Abin da ke ci mini rai da shagunan nan ke nan, suna ɗaura ƙwaro don idon mai saye. Ƙafafun roba masu tauri suna sa tsutsa ta riƙa juyawa a iska, ta murɗe zare, a ruwa kuma su tare ta kamar lema ta ƙi sauka. Sai dai ban yarda sai da nauyi ba. Da tsakar rana, in Baetis ta fara tasowa, Waterhen Bloa, wani ƙwaron bogi mara nauyi, lamba 14 ko 16 a ƙarƙashin fatar ruwa kaɗan ta wadatar. Gashinta mai laushi yana buɗewa yana rufewa, motsin nan kifi ke bi. A kogunan Yokshaya aka san ta tun da daɗewa.

Kawun Leeds:
Hajiya, wannan na awa ɗaya ne ko biyu a yini. Ya ce walƙiyar ciki yake gani a ƙasa, wato kifin yana tsintar tsutsa daga kan duwatsu. Frank Sawyer da ya ƙirƙiro Pheasant Tail a kogin Avon, gashin jelar tsuntsu da siririyar wayar jan ƙarfe kawai ya yi amfani da su, ko ƙafa bai sa mata ba, domin Baetis in tana iyo maƙale ƙafafunta take yi a jiki. Nauyi da siranta, shi ke nan.

Ɗan Argungu:
Ni dai abin da ke ba ni haushi dokokin kulob ne, kowanne da nasa, wani ma ya hana alamar iyo gaba ɗaya. Malam ka karanta takardar dokokin kulob ɗinka kafin ka ɗaura. Kuma kifin gireling na cin tsutsa sosai, lokacin kamunsa a rufe yake daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, in ya kamu ka sake shi tun yana cikin ruwa.

Baban Hanifa:
To na ji. Amma guda 12 fa ke hannuna. In na matsa ɗan darma a zare, tazarar taƙi ɗaya sama da ita, ba za ta sauka ba? Asabar zan sake gwada ta haka.

Maman Sadik:
Sauka za ta yi, amma girmanta yana nan. Ka ajiye su zuwa ƙarshen Mayu, ka nemi wuri mai laka. Har yanzu ba ka faɗa mana zurfin wurin ba.