Neman kalmar Hausa: me za mu kira "Fred" na masu hawa keke?

Mai fassara:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina fassara wani rubutu kan barkwancin masu hawa keke don nishaɗi a Amurka da Birtaniya, kalma ɗaya ta gagare ni: Fred. Asalinta sunan namiji ne, amma a bakin 'yan tseren keke ta zama laƙabin mutumin da ke hawa keke ba tare da ya damu da yayi ba.

Ga kamanninsa yadda masu tsokanarsa ke zana shi. Kekensa na ƙarfe ne mai nauyi, da kariya a baya, jakunkuna biyu na reto a gefenta. Yana da ƙararrawa, da ƙarfen kafe keke, da makarin taɓo, da famfo, da gorunan ruwa fiye da ɗaya. Fitilarsa a kunne take gaba da baya ko da rana tsaka. Ya manna ɗan ƙaramin madubi a hular kwano ko a jikin tabarau don ya riƙa ganin motar da ke bayansa. Maimakon ɗamammun kayan 'yan tsere, sai ya sa riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli wadda ake hangowa daga nesa, da gajeren wando mai aljihuna, da sandal a kan safa. Gemu na nan, gashin ƙafa ma na nan bai aske ba. Abin da ya karye a jikin keken an ɗaure shi da waya ko salatif. Labarin kuma yakan ƙare ne a hawan tudu, inda wannan mutumin yake zuwa ya wuce masu kekuna na miliyoyi, ya kaɗa musu ƙararrawa, ya gaishe su.

Ba na son in bar sunan yadda yake, don mai karatun Hausa zai ɗauka wani mutum ne takamaimai. Ina neman kalmar da za ta tsokani mutum ba tare da ta ci mutuncinsa ba.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a ƙirƙiro sabuwa a fara duba abin da ke hannu. Akwai bagidaje, akwai baƙauye, akwai ɗan tsohon yayi. Ta ukun ta fi sauƙi a kunne, ko yaro ya ji ya gane.

Mai fassara:
Na gode, Malam. Biyun farko ba zan iya ɗauka ba. Bagidaje mutum ne da bai san yadda ake yi ba, shi kuwa wannan ya sani sarai, zaɓa ya yi. Da yawansu sun fi masu yi musu dariya sanin giya da birki, su suke gyara kekensu da hannunsu. Baƙauye kuma zagi ne da ke taɓa asalin mutum, alhali nan maganar kaya ce da ɗabi'a. Ɗan tsohon yayi ta matso kusa, sai dai tana nuna wanda yake bin yayin da ya wuce. Wannan mutumin bai taɓa bin wani yayi ba, tsoho ko sabo. Zai iya manna sabuwar na'urar auna tafiya a kan keken da ya shekara 30, hankalinsa kwance.

Mai gyaran keke:
Malam mai fassara, bari in sa baki, don sai an san dalilin dariyar kafin a raɗa mata suna. 'Yan tsere suna bautar rashin nauyi. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka tun shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, saboda masu ƙera kekuna sun yi ta rage nauyi har abin ya fara ba da tsoro. Mutumin da ya kashe dukiya don ya rage giram 100, in ya ga wani ya ɗaura ƙarfen kafewa da ƙararrawa da jaka cike da sifana, dole abin ya ba shi dariya. Hukumar ma har tsawon safa ta ƙayyade, kada ta wuce rabin tsakanin idon sawu da gwiwa. To masu hawa don nishaɗi da ke kwaikwayon 'yan gasa sai suka mayar da irin waɗannan abubuwa ma'aunin wayewa, duk da babu alƙalin da ke duba su ranar Lahadi da safe.

Akwai wani ɗan faifan roba da ake sawa a bayan giyar baya don kada sarƙa ta zame ta shiga wayoyin wili. 'Yan yayi suna cire shi ranar da suka sayi keke, wanda ya bar nasa kuwa ya shiga sahun Fred. Haka tambarin baƙin mai da haƙoran farantin sarƙa ke bari a sha-raɓar dama in mutum ya jingina da keke. Wannan tambarin shi ne babbar shaida a wurinsu.

Ni a sana'ata ina ganin wanda ke dawowa da keke a kafaɗa da wanda ke dawowa a kan sirdi. In taya ta yi faci a dokar daji, wurin mai jakar nan kowa ke zuwa aron famfo da gam.

Dattijo:
Yarana, ku san cewa sunan nan ba a banza ya zo ba. Masu keke da yawa suna danganta shi da Fred Birchmore, mutumin Athens ta jihar Jojiya a Amurka. A tsakiyar shekarun 1930 ya sayi keke a Jamus, mai giya ɗaya tak, nauyinsa wajen kilo 19, ya sa masa suna Bucephalus, sunan dokin Iskandar Mai Girma, ya zaga duniya da shi. Keken yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Shi kuma ya rasu a 2012 yana da shekara 100. Duk kalmar da za ku zaɓa, ta kasance irin wadda za a iya kiran mutum kamar wannan da ita ba a ji kunya ba.

Wani abu kuma. Keken nan na kishingiɗe, wanda mahayi ke jingina da baya yana tura feda a gabansa, yau shi ne abin da aka fi yi wa dariya, an ce keken masu gemu ne. A 1933 wani Bafaranshe, Francis Faure, ya hau irinsa ya yi sama da kilomita 45 cikin awa ɗaya, ya karya tarihin da Oscar Egg ya kafa tun 1914. Shekarar da ta biyo baya, 1934, hukumar UCI ta hana irin wannan keken shiga gasa. Saurinsa ne ya sa aka kore shi, daga baya aka mayar da shi abin dariya.

Mai fassara:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa kan sharaɗin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci: kalmar ta zama wadda mutum zai iya kiran kansa da ita yana murmushi. A can ma haka abin yake, mutane da yawa suna cewa "ni Fred ne" da alfahari. Ba wanda zai buga ƙirji ya ce shi bagidaje ne.

Wata 'yar'uwa:
Yaya, ban ga an yi maganar mata ba. A can suna ce wa macen Doris ko Wilma. Duk abin da za a zaɓa ya kasance yana da siffar mace da jam'i ba tare da an sha wahala ba. Kuma ina roƙo kada wani ya kawo shawarar a ɗauki wani suna namu a mayar da shi laƙabi yadda suka yi. Mutane ne ke amsa sunayen nan, ba za su ji daɗi ba.

Shawarata ɗan ko-in-kula, ko ɗan ko-oho.

Malamin Hausa:
Maganarki kan sunaye gaskiya ce, Malama, na goyi baya. Amma ko-in-kula sakaci take nunawa. Mutumin da ya sa madubi a hula da fitila biyu da rigar da ake gani daga nesa ai shi ne ya fi kowa kula. Abin da bai kula da shi ba ɗaya ne kawai, idon mutane. Ko-oho ta fi kama wannan ɓangaren, sai dai ba ta nuna kaya ko kaɗan, kuma rabin barkwancin a kayan yake.

Ɗan tsere:
Ni ina cikin masu aske ƙafa da sa ɗamammun kaya, don haka ku ji ta bakinmu. Akwai abin da ba a faɗa ba tukuna: kalmar tana da ma'ana ta biyu da ta kusa zama kishiyar ta farko. Wasu suna ce wa mutum Fred in ya sayi keken gasa mafi tsada, ya sa cikakkun kayan wata ƙungiya ta Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, amma ƙaramin tudu ya sa shi haki. A Birtaniya akwai laƙabin MAMIL, wanda kamfanin binciken kasuwa na Mintel ya fito da shi a 2010. Gajarta ce ta kalmomin Turanci masu nufin magidanci mai matsakaicin shekaru sanye da laikira, wato yadin nan mai talewa da aka ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1958. Malam, wanne daga ciki kake fassarawa? In ka haɗa su a kalma ɗaya za ka rikita mai karatu.

Mai fassara:
Ɗan'uwa, na farko nake nufi, kuma na yarda a raba su. Na biyun bai da wuya, Hausa ta riga ta tanadar masa: ɗan burga. A ce ɗan burgar keke, an gama. In ana son sassauci a ce ɗan ƙwalisar keke, don ba duk mai son ado ne ke cika baki ba, kuma magidancin da ya tashi da asuba ya hau keke don lafiyarsa bai cancanci a muzanta shi kan tumbi ba. Na farkon ne har yanzu ba mu kama ba.

Mai gyaran keke:
To a duba kayan. Akwai tarkace, akwai komatsai, akwai shirgi. Tarkace da komatsai abin da ba shi da amfani suke nufi, shi kuwa duk abin da ya ɗaura yana da ranarsa. Shirgi yawa take nunawa, an shirga wannan kan wancan. Mutumin nan shiri ya yi wa ruwan sama, ya yi wa duhu, ya yi wa faci, ya yi wa ƙishirwa, shirin ya yi yawa har ya zama shirgi. Ni da za a bi ta tawa, daga nan za a samo sunan.

Malamin Hausa:
Madalla, wannan ta zauna. In aka bi ƙa'idar ɗafa-goshin ba- kamar a baduku da bafada, za a sami bashirge, bashirgiya, shirgawa. Jam'in yana da daɗin faɗa ƙwarai, kuma yana nuna su jama'a ce mai halinta.

Wata 'yar'uwa:
Malam, a gafarce ni, amma faɗi bashirge da ƙarfi ka ji. Sunan Bashir ne ke fara fitowa. Mun koma gidan jiya ke nan, ranar da kalmar ta yaɗu duk mai wannan suna ya shiga uku da tsokana.

Malamin Hausa:
Haka ne kuwa. A bar tilon, a koma ɗan shirgi, 'yar shirgi, 'yan shirgi. Shirgawa dai ina roƙon a bar mata ƙofa, ko a matsayin jam'i na biyu.

Ɗan tsere:
Ɗan shirgi ta yi mini, zan iya kiran abokin tafiya da ita ba mu ɓata ba. Abin da ya rage: ba ta taɓa sandal da safa ba, ba ta taɓa gemu da gashin ƙafa ba. Akwai Fred da ba shi da jaka ko ɗaya, shigarsa ce kawai ta saɓa.

Mai fassara:
Wannan gyara ne mai ma'ana, kuma na yi ta juya shi. Ina ganin ba lallai ne laƙabi ya ƙunshi dukkan siffofin mai shi ba. Ya isa ya kama wadda ta fi fitowa fili, sauran su biyo baya da yawan amfani. Sunan Fred kansa babu keke a cikinsa, babu safa, masu faɗarsa ne suka cika shi da ma'ana. Ɗan shirgi kuwa tun daga jin farko tana ba mutum hoto: keke na tafe a hankali, kaya na reto, mahayi na cikin nishaɗinsa. Ga wanda shigarsa kaɗai ta saɓa, ko-ohon da 'yar'uwarmu ta kawo tana da wurin zama, sai a ce shigar ko-oho.

Ga yadda zan yi a fassarar. Karon farko zan rubuta ɗan shirgin keke, in bi shi da jimla ɗaya ta bayani, daga nan sai ɗan shirgi kawai. Mace 'yar shirgi, jam'i 'yan shirgi, shirgawa kuma in ana son a ƙara armashi. Halin nasu shirganci. Mai kayan tsada ba ƙarfin ƙafa ɗan burgar keke ne, ba za su haɗu a kalma ɗaya ba. Na gwada a jimloli don in ji ko tana tafiya: "Tayarmu ta yi faci, Allah ya kawo wani ɗan shirgi ya ba mu famfo." "Tunda ta sa madubi a hula muka san ta zama 'yar shirgi." "Shirgancinsa ya kai ya ɗaura fitila uku." Duk sun shige ba tuntuɓe.

Dattijo:
Ɗan shirgi ta karɓu, Allah ya yi muku albarka. Saura tambarin baƙin man nan na sha-raɓa da mai gyara ya ambata, shi ma yana da suna a wurinsu, kuma za ka ci karo da shi a rubutun.

Mai gyaran keke:
Baba, wannan ai hatimin shirgi ne. Malam mai fassara, rubuta shi haka, in wani yana da wadda ta fi ta ya kawo.