6.5 Creedmoor ko 6mm? Ina neman shawara kafin in sayi bindigar gasar PRS

Bakano_a_Texas:

Salam jama'a. Don Allah waɗanda suka san harkar wasan harbin nesa a taimaka min da shawara. Ina so in fara shiga gasar PRS (Precision Rifle Series) a nan Texas, irin wadda ake harbin farantan ƙarfe tun daga yadi 300 har sama da 1,000, ka ɗora bindiga kan shinge ko dutse ko taya ana ƙirga maka lokaci. Na yi rajista da kulob, kuɗin bindiga da madubin hange ma na tara, abin da ya tsaya min a rai shi ne wane harsashi zan zaɓa tunda in ka sayi bindigar shi ke nan ka ɗaure kanka da shi sai dai in bututu za ka canza. A shago kowa 6.5 Creedmoor yake ce min, amma da na je kallon gasa sai na ga kusan duk gwanayen 6mm suke harbawa, wannan Dasher wancan GT, wani dattijo kuma ya ce in bar duk wannan iyayin in sayi .308 in koyi karanta iska. Kaina ya ɗaure wallahi. Ban iya ɗura albarushi in haɗa harsashi da kaina ba, na kwali nake saya, kuma aljihun ba wani nauyi gare shi ba.

Sarkin_Baka:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da shigowa harkar da ke cinye albashi. Amsar tana cikin maganarka ta ƙarshe, tunda ba ka ɗura da kanka to 6.5 Creedmoor kawai, ka rufe ido ka saya. Kamfanin Hornady ne suka fito da shi a 2007 kuma tun asali don gasa aka ƙera shi, yau babu shagon da za ka shiga a Amurka ka rasa shi, kamfanoni da yawa suna yin mai kyau na gasa, in wannan ya yanke ka ɗauki wancan. Kan harsashi mai giren 140 (giren ma'aunin nauyinsa ne) yana fita da gudun wajen ƙafa 2,700 a daƙiƙa, ya isa yadi 1,000 da sauran ƙarfinsa.

Amma bari in gaya maka dalilin da ya sa ka ga gwanaye sun koma 6mm don kar ka ɗauka yayi ne kawai. A PRS ba a kwance kake cikin natsuwa ba, gasar kashi-kashi ce da ake kira tasha, tasha ɗaya za a ba ka minti ɗaya da rabi ko biyu ka harba wajen goma kana canza wuri, kuma babu mai gaya maka inda harsashinka ya faɗa, alƙali cewa kawai zai yi ya samu in ya samu, in ka kuskure shiru za ka ji. To kai ne za ka gani da idonka a cikin madubi, ƙura ta tashi dama da farantin ko hagu, sai ka gyara saiti a harbi na gaba. In bindiga tana shuri da ƙarfi madubin zai kauce daga kan faranti, kafin ka dawo ƙurar ta kwanta, ka yi asarar harsashi kuma ba ka koyi komai ba, na gaba ma haka za ka sake zubarwa. 6mm kansa giren 105 zuwa 110 ne, albarushinsa kaɗan, shurin ba yawa, ga shi suna ƙara wa bindigar nauyi har ta haura kilo 9 ko 10, sai ka ga mutum ya danna kunama bindigar ko motsi ba ta yi ba. Wannan suke saya da kuɗinsu. Su maki ɗaya ko biyu ne ke raba na ɗaya da na biyar, kai kuwa a shekararka ta farko abin da zai kayar da kai tsayuwa ce da lokaci da iska, ba bambancin 6 da 6.5 ba.

Sannan 6.5 ya fi tashin ƙura in ya faɗa ƙasa kuma ya fi kaɗa faranti, wanda ga sabon shiga taimako ne sosai musamman ranar da ƙasa ta jiƙe.

Na_Ontario:

Ni dai ina bayan dattijon nan da ya ce .308, duk da na san za a ce ra'ayin tsofaffi ne. Ni gasar F-Class nake yi a nan Kanada, a ɓangaren F-TR da .308 ko .223 kaɗai aka yarda, muna kwance muna harbin takarda har yadi 1,000 kuma da'irar tsakiya inci 5 ce kacal, don haka kar wani ya ce maka .308 ba ya kaiwa. Gaskiya ne iska ta fi wasa da shi, in tana kaɗawa mil 10 a awa daga gefe, giren 175 zai kauce wajen inci 100 a yadi 1,000, shi kuwa 6.5 ɗin wajen inci 70, amma ai wannan ita ce makarantar, wanda ya koya da .308 duk abin da ka miƙa masa daga baya sauƙi zai ji. Bututunsa kuma yana daɗewa, harbi 5,000 ba komai ba ne a wajensa wasu ma su wuce haka nesa. Kuma PRS ɗin suna da rukunin Tactical na .308 da .223 zalla, an ƙayyade giren 178 da gudun 2,800 ga .308, kenan da irinka za a auna ka ba da masu Dasher ba.

Mai_GT:

Malam Na_Ontario Allah ya ƙara girma amma a nan kam ban bi ka ba. Wasanku daban namu daban. Ku kuna kwance, bayan kowane harbi a nuna muku inda ya huda, shuri bai dame ku ba. Ka ɗora .308 kan ƙofar ƙarfe mai lilo ka ce sabon shiga ya ga inda ya kuskure? Zai koma gida ne da maki 20 cikin 90 ya ce wasan ba nasa ba ne, da yawa haka suka gudu. Koyon iska sai kana ganin abin da iskar ta yi maka.

Bakano ni shawarata 6mm GT. George Gardner na GA Precision da Tom Jacobs ne suka haɗa shi a 2019 saboda matsalar Dasher, shi Dasher daga 6mm BR aka samo shi, daidaitonsa ba a magana amma gajere ne, a magazin na yau da kullum sai an sa masa abin cike gurbi in ba haka ba ya riƙa sarƙewa, da can ma kwansonsa sai ka harba shi tukun ya buɗe ya ɗauki siffa kafin kamfanoni irin su Alpha su fara yin na shirye, kuma har yau harkar masu ɗuri da hannu ce. GT ya ɗan fi tsawo, yana hawa lafiya lau daga magazin na yau da kullum irin na AICS, Hornady kuma suna sayar da na kwali mai giren 109. In dai ka san nan da shekara za ka koma 6mm, me zai sa ka biya sau biyu?

Wanda zan ce ka yi hattara da shi shi ne 6mm Creedmoor, ana samunsa a shago kuma yana gudu har wajen 3,000 amma cin bututu gare shi, albarushi mai yawa ta ƙaramin rami, wasu tun kafin harbi 2,000 sun cire.

Bakano_a_Texas:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Sarkin_Baka wannan maganar cin bututu ta ɗan tsorata ni, shi 6.5 ɗin nawa yake kaiwa, kuma ta yaya mutum zai gane ya mutu? Sannan akwai wanda ya yi min tallan tasa 6.5 PRC da araha, ya ce ta fi Creedmoor gudu da nisa, in karɓa?

Sarkin_Baka:

Kar ka karɓa. PRC ɗin harsashi ne mai kyau ga mafarauci da zai harba uku ko huɗu a yini, amma a gasa za ka sha shuri, ka biya kuɗin kwali mai tsada, bututu ya yi zafi tun kana tsakiyar tasha kuma ya mutu da wuri. Haka su .300 Win Mag, doka ba ta hana ba tunda iyakar PRS ita ce kar ya wuce .30 kuma kar gudu ya haura ƙafa 3,200, amma ka duba layin gasa ka ga ko akwai mai riƙe da ita. 

Bututu kuwa ka ɗauke shi kamar tayar mota, abu ne mai ƙarewa ana canzawa, ba abin tashin hankali ba. 6.5 Creedmoor yawanci ana samun 2,500 zuwa 3,000 kafin ya fara lalacewa, ya danganta da yadda kake gasa shi da wuta. Ba fashewa yake ba, wutar albarushi ce take cinye maƙogwaron, wato farkon ramin bututun, a hankali, alamar farko gudun harsashi ya fara sauka, sai ka ga lissafinka na yadi 900 da ya saba zama daidai yanzu yana faɗawa ƙasa, sai kuma ɗaya ya riƙa ballewa daga cikin tari ba dalili. Shi ya sa ake riƙe ɗan littafi ana rubuta adadin harbi, kuma na'urar auna gudu ta fi maka amfani a kan wani sabon kwalliyar bindiga. Ka yi lissafi da kanka, gasar kwana biyu tana cin wajen harsashi 200, na kwali mai kyau kusan dala 2 kowane ɗaya, kafin bututun ya mutu kuɗin harsashin da ka ƙona ya ninka kuɗin bututun sau da yawa.

Maganar Mai_GT ta biya sau biyu, ba haka ba ne sosai. 6.5 Creedmoor da GT da Dasher da .308 duk gindin kwansonsu girma ɗaya ne, bindiga ɗaya ce, ranar da bututun farko ya ƙare sai ka sa na GT in a lokacin ka fara ɗuri da kanka. Matsalata da GT a yanzu ita ce in na kwalin ya yanke a kasuwa kamar yadda kaya suka yi ƙamfa a 2020 da 2021, mai 6.5 zai samu wani kamfanin kai kuma kana zaune.

Mai_GT:

To na yarda da batun canza bututu, amma ya tabbatar bindigar da zai saya irin wadda ake samun bututun shirye ce a ɗaura mata, ba wadda sai an kai wa maƙeri ya riƙe wata uku ba. Kuma Bakano in ka samu kwalin da bindigarka take so ka duba lambar rukunin da ke jikinsa ka sayi da yawa iri ɗaya, gudu yana bambanta daga rukuni zuwa rukuni ko da kamfani ɗaya ne.

Na_Ontario:

An kayar da ni biyu da ɗaya, ba komai, ina nan da .308 ɗina. Abu ɗaya dai da ban ji kowa ya ambata ba, ka nemi inda ake gasar NRL22 kusa da kai, da ƙaramar .22 LR ake yi, shingayen da lokacin duk irin na PRS ne, iska kuma tana wahalar da ɗan harsashin nan a yadi 100 ko 200 sosai, kuɗin kwali guda na 6.5 zai ba ka atisayen yini. Ka tambayi kulob ɗinku, sau da yawa akwai mai ba sabon shiga aron bindiga ranar farko.